Saƙar safa ba za ta fitar da kowa daga talauci ba, amma ina kira a koye ta

A hunturun bara ne na fara lura da ƙafar mahaifina da kyau. Ya cire safa zai yi alwalar la'asar, sai na ga zobe ja a saman idon sawunsa, ya nutsa cikin fata kamar an ɗaure wurin da igiya. Na tambaye shi ko yana jin zafi. Ya ce, "Wane zafi? Ai ni ban ma san da shi ba."

Wannan amsar ce ta tayar mini da hankali. Baba ya shekara goma sha ɗaya da ciwon suga, kuma likitoci sun sha gaya mana cewa ciwon kan kashe jijiyoyin ji na ƙafa sannu a hankali, har mutum ya taka ƙaya bai sani ba. Ƙaramin gurzuwa ya zama gyambo, gyambon ya ƙi warkewa, wani lokaci a kai ga yanke ƙafa. Shi ya sa suke cewa kada mai suga ya yi tafiya ba takalmi, kada ya kara ƙafa kusa da garwashi don jin ɗumi, ya riƙa duba ƙafarsa kullum, kuma safar da zai sa kada ta matse, kada ta kasance da tudun ɗinki a kan yatsu.

Mu kuwa a Jos muke. Wanda ya taɓa fita sallar asuba a garin nan cikin Disamba ko Janairu ya san ba a yi wa tsoho maganar ya bar safa. Na zagaya Terminus, na zagaya Katako, na sayo kala biyar. Wadda ba ta matse ba sai ta zame ta taru a dunduniya. Wadda ta tsaya sai ta bar masa wannan zoben, domin ƙafarsa kan kumbura da yamma. Akwai safa ta musamman da ake yi wa masu suga, amma inda na same ta kuɗinta ya fi ƙarfina, kuma ita ma da awon wata ƙafar aka yi ta, ba ƙafar Baba ba.

Ta haka na koyi saƙar safa da hannu, ina namiji mai shekara talatin da ɗoriya. Kuma daga abin da na gani nake son in faɗi abu biyu da za su yi kamar sun saɓa wa juna. Duk wanda ya ce wa mace ta koyi saƙar safa don ta ciyar da gidanta, yaudararta yake yi. Amma unguwar da ba ta da ko mutum ɗaya da ya iya wannan saƙar ta yi asarar abin da kasuwa ba za ta mayar mata ba.

Gwaggona ce ta koya mini, ƙanwar Baba. Ta koya ne tun tana amarya a wata cibiyar koyar da mata, zamanin da ake haɗa yaƙi da jahilci da ɗinki da saƙa a aji ɗaya. Da na je mata da maganar sai da ta yi dariya har ta riƙe ciki. Sannan ta ce, "To ɗan nan, ina kibiyoyinka?" Ba ni da su. Kwarashi dai yana ko'ina a shagunan kayan saƙa, haka ma dogayen kibiyoyi biyu na suwaita. Amma safa zagaye ake saƙa ta kamar bututu, don haka tana buƙatar gajerun kibiyoyi huɗu ko biyar masu tsini a kowane gefe, sirara ƙwarai. Waɗannan ban same su ba.

Gwaggo ta tura ni wurin mai gyaran keke. Na sayi wayoyin ƙafar keke biyar, aka yanke mini kowace ta kai tsawon taƙi ɗaya, aka fiƙe bakunan da magagari, na goge su da samfefa har suka daina kama zare. Kaurin wayar ya kusa milimita 2, wanda shi ne daidai abin da siririn zaren safa yake so. Ta ce da irinsu suka koya. Har yau da su nake aiki.

Makon farko wahala ce zalla. Kibiyoyi huɗu a hannu kamar ka riƙe bushiya. Ɗaya ta zame, zaren ya zube, ka kasa gane inda ka tsaya. Kowane zagayen zare da ke kan kibiya Gwaggo "ido" take kiransa, kuma ido ɗaya in ya kuɓuce sai ya yi ta warwarewa zuwa ƙasa kamar tsani. Sau huɗu ina kai saƙar tsawon yatsa, sau huɗu tana karɓa ta duba ta zare kibiyoyin ta ce, "Sake." Ba ta taɓa cewa sannu ba.

Abin da ban zata ba shi ne yawan lissafin da ke ciki. Kafin ka ɗora ido ko ɗaya, sai ka saƙa ɗan ƙyalle na gwaji ka auna ido nawa ke shiga santimita ɗaya da wannan zaren, da waɗannan kibiyoyin, da kuma hannunka, domin hannun kowa da irin matsinsa. Sannan ka auna kewayen ƙafar. Ta Baba santimita 24 ce a wurin da ta fi faɗi. Ana rage kusan kashi ɗaya cikin goma don safar ta kama ƙafa ba tare da roba ba, sai ya rage 21 da rabi. Ni ina samun ido uku a santimita, ka ga an tashi da 64 da ɗan ɗoriya. Sai ka tsaya a 64, saboda tana rabuwa gida huɗu daidai, kuma saƙar bakin safa, ido biyu gaba ido biyu baya, huɗu-huɗu take tafiya. Wannan saƙar bakin ita ce ke buɗewa ta koma da kanta. Ita ce ta maye gurbin robar da ke cin ƙafar Baba.

Gwaggo ba ta yi makarantar boko ba, amma duk wannan a kanta take yin sa, tana hira tana ƙirga.

Daga baki zuwa idon sawu ba wani abu, zagaye ne kawai kake ta yi. Inda aikin yake shi ne dunduniya. Ƙafar mutum ba bututu ba ce, ta lanƙwasa, kuma dole saƙar ta lanƙwasa da ita ba tare da an yanka ko an ɗinka ba. Sai ka ajiye rabin idanun, 32, ka ci gaba da sauran 32 kaɗai, kana zuwa kana dawowa, har ka samu ɗan faifai mai kusurwa huɗu da zai rufe bayan dunduniya. Sannan a zo wurin da kowane ɗan koyo yake rantsuwa an yi kuskure a bayanin. Za ka saƙa ka wuce tsakiya kaɗan, ka haɗe ido biyu su zama ɗaya, ka juya ka koma baya alhali ba ka kai ƙarshen layin ba. Ka sake yin haka ta ɗaya gefen. Kowane zuwa kana cinye ido ɗaya daga gefe. Kana yi kana ganin kamar ɓarna kake yi, sai kawai ka duba ka ga saƙar ta lotsa ta zama ɗan ƙoƙo, daidai mazaunin dunduniya.

Ranar da na fara ganin wannan ƙoƙon a hannuna, na daɗe ina juya shi. Ban san me zan kwatanta shi da shi ba sai ranar da na fara tuƙa keke ba a riƙe ni ba.

Bayan nan sai ka tsinto idanu daga gefe biyu na faifan, ka koma zagaye. Yanzu idanun sun yi yawa, wanda haka ake so domin nan ne ƙafa ta fi kauri, sai ka riƙa rage biyu duk bayan layi ɗaya har ka dawo 64. A nan ma hannu yake nuna fifikonsa. Mai tudun ƙafa sai ka tsawaita masa faifan. Mai kumburi sai ka tsaya da ragin tun a 68 ko 70. Ƙafar dama ta Baba ta fi ta hagu kauri, don haka safarsa biyu ba awo ɗaya ba ne, na sa jan zare a bakin ta dama don ya gane.

To yanzu bari mu yi lissafin da ba a yi a wuraren bikin yaye ɗalibai.

A aikina na sha halartar irin waɗannan bukukuwa. A tara mata ɗari biyu ko uku, a koya musu saƙa ko haɗa sabulu na mako biyu, a ba su takardar shaida da ɗan ƙunshin zare, a ɗauki hoto, mai jawabi ya ce daga yau sun zama masu dogaro da kansu. Ni ma na rubuta irin wannan labarin ba sau ɗaya ba, kuma ban taɓa komawa bayan wata shida na tambayi matan nawa suka samu ba. Wannan laifina ne.

Safa ɗaya ta babban mutum da siririn zare tana cin layi wajen 170, kowane layi ido 64 ko fiye. Kusan ido dubu goma sha ɗaya ke nan. Ƙafa biyu, sama da dubu ashirin, kowanne da hannu za a ja shi. Ni na farkon da na kammala sun ci mini mako shida. Yanzu da hannuna ya faɗa, awa ashirin nake yi. A ce gwani ya yi a sha biyar. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne a wata. In ka raba shi da awannin aikin wata, awa ɗaya ta kama wajen naira 400. Awa ashirin naira 8,000 ke nan, ladan hannu kawai, ba a sa kuɗin zare ba. A bakin titi kuwa yaro na riƙe da safa a leda yana sayarwa 'yan ɗaruruwa.

Wa zai saya? Mutum nawa ne a unguwarku za su ba da dubu goma su sayi safa? In kuma matar ta karya kuɗin don ta samu ciniki, to ta sayar da awa ashirin na rayuwarta a kan abin da bai kai kuɗin kwanon masara ba.

Ba yau aka fara wannan gasar ba, kuma hannu bai ci ba. A 1589 wani malamin coci mai suna William Lee ya ƙera injin saƙa safa a ƙauyen Calverton kusa da Nottingham a Ingila. Safa na cikin tufafin farko da inji ya karɓe daga hannun mutane. Bayan shekara ɗari biyu da ɗoriya, a 1811, masu aiki da waɗannan injinan da kansu suka fara farfasa su a yankin Nottingham ɗin, saboda masu jari sun karya musu lada suna fitar da kaya marasa inganci a araha. A 1812 majalisar Birtaniya ta sa hukuncin kisa a kan fasa injin. A yau kuma akwai wani gari, Datang, a lardin Zhejiang na ƙasar Sin, da ake yi wa laƙabi da birnin safa, inda ake fitar da biliyoyinta duk shekara. Matar da ke zaune a Unguwar Rogo da kibiya huɗu, da wannan garin ake ce mata ta yi takara.

Mu da muka ga yadda masaƙun Kaduna suka mutu ɗaya bayan ɗaya, masu injina da dubban ma'aikata, bai kamata a yi mana wannan wasan ba. Abin da ya kayar da Kakuri ba zai bar mai kibiya ba.

Ban ce babu kuɗi a saƙa gaba ɗaya ba. Masu yin kayan jarirai da kwarashi, hula da riga da ɗan takalmi, suna samu, domin zaren mai kauri ne, aikin na sauri ne, kuma mutane sun saba kai su barka. Masu injin saƙa da ke karɓar aikin suwaitar 'yan makaranta su ma suna samu. Waɗannan sana'o'i ne. Safar manya da kibiya ba ta cikinsu, kuma gara a faɗa wa mace haka tun ranar farko.

To me ya sa nake cewa a koya?

Saboda inji yana saƙa wa ƙafar da ya ɗauka kowa ke da ita. Awo uku ko huɗu, shi ke nan. Duk wanda ƙafarsa ta fita daga wannan awon, kasuwa ba ta san da shi ba. Kuma irin waɗannan mutanen suna da yawa a cikinmu, ba ma ƙirga su ne kawai. Masu suga da masu hawan jini da ƙafa ke kumbura. Mai ciki a watannin ƙarshe. Wanda shan inna ya bar shi da ƙafa ɗaya siririya, wadda kuma ita ce ta fi jin sanyi. Ka duba yawansu a garuruwanmu na Arewa. Wanda aka yanke wa yatsu ko rabin ƙafa. Tsohuwar da fatarta ta yi laushi har roba ke yanka ta. Sai jariran da aka haifa bakwaini: a tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyarwa na ɗora jariri a ƙirjin uwa fata da fata, abin da ake bar masa a jiki shi ne ƙunzugu da hula da safa. Safar da za ta zauna a ƙafar da ba ta kai babban yatsanka ba kuwa, ba kowane shago ake samunta ba, alhali mai saƙa za ta gama ta tsakanin azahar da magariba da ragowar zare.

Waɗannan ba kasuwa ba ce da za ta riƙe mutum. Buƙata ce ta gida, irin wadda ake biya wa juna. Kamar yadda kowace unguwa ke da wanda ya iya ɗori da wadda ta iya wankan jego, haka ya kamata a ce akwai wanda za a kai wa awon ƙafa.

Akwai kuma maganar yatsu. Juya safar kanti ka duba cikinta, galibi za ka ga tudun ɗinki ya ratsa saman yatsu. Lafiyayyen mutum in ya dame shi sai ya gyara. Wanda ƙafarsa ba ta ji, tudun zai yini yana gurzarsa a cikin takalmi. A saƙar hannu ana rufe bakin yatsun ne da allura ta hanyar kwaikwayon idon saƙar kansa, gefe biyu su haɗe kamar ba a taɓa raba su ba, ka shafa ba za ka ji komai ba. Abin dariya, wannan rufin Turawa sun laƙaba masa sunan Kitchener, wato janar ɗin Birtaniya da ya ci Omdurman a Sudan a 1898, wanda daga baya ya zama sakataren yaƙi a 1914, lokacin da aka sa matan Birtaniya da ƙasashen da take mulka saƙa wa sojoji safa saboda ƙafafunsu na ruɓewa a ramukan yaƙi masu ruwa. Da na gaya wa Gwaggo sai ta ce ita dai "rufin baki" ta sani.

Sai dai kada wani ya karanta wannan ya ɗauka na samo wa masu suga magani. Safa ba ta rage suga, ba ta warkar da gyambo. Safar hannun ma in ba a kula ba tana da nata lahanin, domin cikinta ƙurji-ƙurji ne. Na Baba sai da na juya saƙar tafin, gefen mai santsi ya koma ciki. Na kuma zaɓi zare mai haske, don in wani wuri ya fashe a ga jini ko ruwa a jikin safar. Kuma kafin ya fara sawa sai da na kai wa ma'aikaciyar jinyar da ke duba shi ta sa hannu ta shafa cikin. Wanda ke da rauni a ƙafa asibiti zai nufa, ba wurin mai saƙa ba.

Wani abin da ya shafe mu musamman shi ne alwala. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi, shafa a kan huffi na fata ake yi, ba a kan safar zare ba. Ke nan Baba zai cire ya mayar sau da yawa a yini. Safar da sai an yi kokawa da ita kafin ta shiga, tsoho zai gaji ya ajiye ta, ko ya mayar da ita a kan jiƙaƙƙiyar ƙafa don sauri, wanda shi ma matsala ne ga tsakanin yatsu. Da na saƙa ta biyu na sassauta layin farko na bakin sosai saboda wannan. Injin da ke Datang bai san da la'asar ba.

Babbar matsalar da ban warware ba ita ce zare. Abin da muke kira ulu a kasuwa yawancinsa ba ulu ba ne, zaren roba ne da ake yi daga man fetur. Yana da araha da launi mai kyau, ya dace da hula da bargo. A ƙafa kuwa yana riƙe gumi, yana wari, kuma in tartsatsin wuta ya taɓa shi narkewa yake yi ya manne a fata, abin tsoro ga tsohon da ke zama kusa da kaskon wuta. Auduga tana shan gumi amma ba ta da tsalle, in ta buɗe ba ta komawa, kuma in ta jiƙe sanyi take ƙarawa. Zaren safa na ainihi gashin tunkiya ne wajen kashi 75 cikin ɗari da nailan kashi 25 don ƙarfi.

Mutum zai ce ai muna da tumaki. Muna da su, amma Yankasa da Uda da Balami duk masu gashi ne irin na akuya, ba masu ulun da ake kaɗawa ba. Ulu mai laushi daga irin tumakin Merino yake fitowa, waɗanda Ostireliya ta fi kowa kiwonsu. Don haka ko da kowa ya koyi saƙar, zaren daga waje zai zo. Wannan ma wani dalili ne da ya sa ban yarda da masu cewa a nan arzikin mata yake ba.

Dabarar da na samu ta gwanjo ce. Na shiga Katako ina juya suwaitoci ina karanta 'yar takardar wuya, har na samu wata ta maza, fara-fara, da aka rubuta ulu zalla. Na kwance ɗinkin gefe, na samo bakin zaren, na warware ta gaba ɗaya. Zaren ya fito a nannaɗe kamar taliyar yara. Na naɗe shi a bayan kujera, na jiƙa a ruwan ɗumi, na rataye ya bushe ya miƙe. Suwaita ɗaya ta ba ni abin da ya ishi safa ƙafa uku har da saura. Tunda ulu zalla ba ya jure gurzuwa, a dunduniya da yatsu sai na haɗa shi da siririn zaren nailan na ɗinki. Wanda zai gwada, ya duba gefen rigar tukuna: in an yanka saƙar ne aka bi bakin da keken ɗinki, zaren guntu-guntu zai fito, kada ya saya.

Na san akwai masu karanta wannan da tun sakin layi na biyar suke murmushi. Namiji da saƙa. A majalisarmu an yi mini ba'a iya ba'a, har wani ya tambaye ni ko na fara kitso. Ni abin da ke ba ni mamaki, mutumin da ke faɗin haka hular da ke kansa namiji ne ya zauna da allura ya yi mata ado ido-ido na makonni. Aikin wuyan babbar rigarsa namiji ne ya yi. Masaƙan da ke zama a bakin ƙofa da ƙoshiya maza ne, haka marinan Ƙofar Mata a Kano. A ƙasar Hausa zare da allura ba su taɓa zama haramun ga namiji ba. Saƙar kibiya ce kawai ta shigo mana ta ajin mata na zamanin Turawa, sai muka ɗauka a can aka halicce ta.

Ba a can aka halicce ta ba kuwa. Tsofaffin kayan saƙar kibiya da suka rage a duniya safa ne, kuma a Masar aka tono su, na tsakanin ƙarni na 11 da na 14, zamanin daulolin Musulunci. Da auduga aka yi su, fari da shuɗi, wasu da rubutun Larabci a jiki, kuma kyawun aikin ya nuna an daɗe ana yi kafin su. Daga wannan yankin sana'ar ta bi ta shiga Turai. A Turan ma ƙungiyoyin masu saƙa na da, irin na Faransa, na maza ne, kuma har yau a tsibirin Taquile na ƙasar Peru maza ne ke saƙa huluna. Wanda bai son ya koya ya ce bai so, kada ya jingina wa al'ada.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci, ba nawa ba, na su Gwaggo. A cikin matan da suka yi aji ɗaya da ita, biyu ta sani da suka rage, ɗaya idonta ya tafi. 'Ya'yanta huɗu mata, babu wadda ta iya juya dunduniya. Biyu sun iya kwarashi. Gaskiya ne akwai bidiyo a YouTube, ni ma na kalla, kuma sun taimake ni wurin rufin yatsu da na kasa kamawa a hannunta saboda saurinta. Amma kusan duka da Turanci suke, da zaren da ba mu da shi, da kibiyoyin da ba a sayarwa a nan. Babu bidiyon da zai tura ka wurin mai gyaran keke. Babu wanda zai karɓi saƙarka ya ja ta ya ce hannunka ya yi tsauri, ka saki kafaɗa.

Don haka buƙatata ƙarama ce. Cibiyoyin da ke koyar da saƙa su ci gaba da koyar da abin da ke kawo kuɗi, amma su nemo irin su Gwaggo tun suna nan, su biya su, su ware ko mutum biyar a kowane zango da za su zauna wata uku su koyi safa da awo, a kuma gaya musu gaskiya cewa wannan ba don kasuwa ba ne. Ƙungiyoyin masu suga da na masu buƙata ta musamman su san su waye waɗannan mutum biyar ɗin. Masu ɗaukar bidiyo a waya, da ke neman abin ɗorawa kullum, wani ya zauna da tsohuwa ɗaya ya ɗauki juyin dunduniya da Hausa, a hankali, kyamara a kan hannu. Masu shigo da zare a Kantin Kwari kuma su gwada ko katan ɗaya na zaren safa na gaske da gajerun kibiyoyi, su ga ko zai kwana.

Baba ya sa nasa tun daga tsakiyar Janairu har sanyi ya wuce, zoben nan bai dawo ba. Bai ce komai a kai ba, sai dai na ji yana gaya wa abokinsa a ƙofar masallaci cewa "yaron nan ne ya yi." A watan jiya da aka fito da kayan sanyi na ga dunduniyar ta dama ta yi shara-shara, saura kaɗan ta huje. Na kai wa Gwaggo ina tambaya ko in warware ƙafar gaba ɗaya. Ta karɓa ta ɗaga ta a hasken taga, ta ce ba a haka, in je kicin in ɗauko mata ludayin duma da allura mai babban ido, akwai sauran abin da ba ta nuna mini ba.